Tambayi Likitan Dabbobi: 'Yar Mesata Ta Ƙi Cin Komai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Makon jiya na sayi 'yar mesa a hannun wani mai sayar da dabbobi, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Na ba ta madara, na fasa mata ƙwai, na yanka mata tsokar nama, ko kallo ba su ishe ta ba. Da na kai hannu sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Abokina ya ce in ɗana tarko in kamo mata ɓera a ɗakin ajiyar hatsi. Ina tsoron kada yunwa ta kashe ta a hannuna. Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, yunwar mako ɗaya ba ta kashe mesa. Abin da ya fi damuna shi ne yawan buɗe ta da kake yi.

Dunƙulewar da ka faɗa ta nuna mini cewa ƙaramar mesar nan ce ta Yammacin Afirka, wadda ake fitar da ita da yawa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka. Ba ta da dafi, girmanta yakan tsaya tsakanin mita ɗaya da ɗaya da rabi, kuma da kulawa takan kai shekara 20 zuwa 30. Duk da haka ka nuna ta ga likitan dabbobi ya tabbatar, domin babbar mesar da muka sani a fadama tana wuce mita huɗu, ba dabbar ajiyewa a gida mai yara ba ce. Ya kuma duba maka kaska da tsutsar ciki, musamman in daga daji aka kamo ta.

Dunƙulewa tsoro ne, kuma mesa mai tsoro ba ta cin abinci. Ka ba ta cikakken mako ba ka taɓa ta ba, ba ka kira abokai kallo ba. Ka shimfiɗa mata jarida a akwati mai ƙofofin iska da murfi mai kullewa, ka ajiye ruwa mai tsabta, sannan ka kifa ƙananan kasake biyu da ka fasa wa baki, ɗaya a kowane gefe, ta riƙa shigewa. Maɓoyar ta matse ta, haka take so, don a daji cikin ramin ɓera da suri take wuni.

Sai zafi, wanda a nan yawancin masu kiwo ke faɗuwa. Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa, daga waje yake samu, kuma da shi yake narkar da abinci. Gefe ɗaya na akwatin ya kasance digiri 31 zuwa 32, ɗayan kamar 26. Ka sayi ma'aunin zafi, kada ka auna da tafin hannu. Daren hunturu a Kaduna ya yi mata sanyi, iskar kuma ta bushe, saboda haka ka ɗumama gefe guda, ka sa ɗan tsumma mai danshi a ɗaya maɓoyar. Kada ka ajiye akwatin a rana, zai iya dafa ta.

Madara da ƙwai da tsoka ka daina. Abincinta ɓera ne sukutum, da gashi da ƙashi da kayan ciki, daga nan take samun duk abin da jikinta ke buƙata. Kaurin ɓeran kada ya wuce wurin da ya fi kauri a jikinta. Ɗaya ya isa, duk kwana biyar zuwa bakwai.

Shawarar abokinka kuwa, don Allah ka yi watsi da ita. Ɓeran gida na iya zama ya ci shinkafar ɓera, gubar ta wuce cikin mesar. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne lafiyarka da ta iyalinka: cikin ɓerayen da ke shiga rumbu da ɗakin hatsi akwai mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take yaɗuwa, ta fi tsananta ma a lokacin rani. Ka nemi fararen ɓerayen da ake kiwo, likitan dabbobin unguwarku zai iya haɗa ka da masu su.

Mataccen ɓera za ka ba ta, domin mai rai yakan ciji macijin da bai shirya ci ba, raunin kuma yana da wuyar warkewa. In a firiza ka adana shi, ka sa a leda ka tsoma a ruwan ɗumi har cikinsa ya saki, kansa ya yi ɗumi. A leɓenta akwai 'yan ramuka da take jin ɗumin abin farauta da su, shi ya sa mai sanyi ba ya jan hankalinta. Wanda ya narke saboda ɗauke wuta ya kwana a haka, ka zubar. Bayan isha, ka rage haske, ka riƙe shi da dogon hantsaki, ka ɗan motsa shi a bakin maɓoyarta. In ba ta cafka ba, ka bar shi a ciki, da safe ka cire, sai kuma wani makon. Kada ka yi mata ɗura.

In ta haɗiye, ka ƙyale ta kwana biyu, ɗaukarta da wuri na sa ta amayar da shi. In hakan ta faru, jira mako biyu sannan ka ba ta wanda ya fi ƙanƙanta. Ka kuma sani idan idonta ya yi fari-fari kamar hazo, saɓa za ta yi, ƙin ci a lokacin ba ciwo ba ne.

Ka riƙa auna nauyinta kana rubutawa, ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta ko akwatinta, don macizai na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa. In ta ƙi ci sau uku ko huɗu a jere, ko ƙashin bayanta ya fito, ko ka ji tana numfashi da ƙara baki a buɗe, ka kai ta asibitin dabbobi a ranar.