Kafin Ka Sayi Sabon Inji, Duba Teburin da Tsohon Yake Kai

Tambaya: Ina da ƙaramin injin juya katako. Da na ɗora masa itace mai ɗan kauri sai ya hau rawa, har ya riƙa tafiya a kan teburi. In sayar in sayi babba ne?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Yawancin rawar nan rashin nauyi ne ke kawo ta. Ɗaure injin da noti a jikin teburi mai ƙwari, ka kafa katako tsakanin ƙafafun daga ƙasa, ka jibga buhun yashi biyu ko uku a kai. Na fi son yashi a kan bulo, domin yashi shanye girgiza yake yi. Sannan ka jijjiga teburin da hannu. In ƙafa ɗaya na lilo, cusa mata ɓallin katako. Tunda ka tashi gyara, daidaita tsayi ma: sandar da ke juyawa ta zo daidai gwiwar hannunka, in ba haka ba bayanka zai gaya maka.

Sai batun gudu. Masu sana'ar suna da lissafi: faɗin katako da inci, a ninka shi da yawan juyi a minti ɗaya, amsar ta faɗo tsakanin 6,000 da 9,000. Kwano mai inci 8 ke nan kada ya wuce juyi 1,125. Itacen da bai riga ya zama da'ira ba kuwa, fara ƙasa da haka sosai, ka kuma sare masa kusurwoyi da zarto kafin ka ɗora. Ka tsaya gefe lokacin kunnawa, da garkuwar fuska.

Tambaya: Wani ya ce in haɗa wa moton abin rage hasken fitila don in riƙa rage gudu. Zai yi?

Amsa: Kul! Moton da ke kan yawancin injinan da ake canza wa gudu da bel yana bin bugun wutar lantarki ne, sau 50 ko 60 a daƙiƙa. In ka rage masa wuta, ƙarfi zai rasa, ya ɗau zafi, ya ƙone. Ci gaba da matsar da bel ɗinka.

Tambaya: Kurfina yana cijewa in ina jan sa a kan ƙarfen da ake jingina shi, sai aikin ya fito da kunya-kunya. Sabon kurfi zan nema?

Amsa: Bi saman ƙarfen nan da farce. Za ka ji ƙananan ramuka inda gefen kurfi ya riƙa sararsa. Duk ramin da ya tare farcenka zai tare kurfi, kuma tabonsa zai fito a jikin katako. Goge shi da magagari, wato zarton goge ƙarfe, har ya yi sumul, ka bi da samfefa, ka shafa kyandir. Aikin minti goma ne. Kaifin gefunan kurfin ma ka ɗan dakushe su da dutsen wasa, don su ne masu ɓarnar.

In kuma doguwar sanda ce siririya ke lanƙwasa tana kuka a tsakiya, wannan matsala ce daban. Yanke zobe daga falanki mai kauri, ka ɗaura masa tayoyin takalmi mai taya guda uku a kan hannuwa masu gusawa, su rungumi sandar ba tare da sun matse ta ba. Naɗa tef a inda tayoyin za su taka, don kada su bar baƙin layi.