Muryar da na tura wa Baffa kan laftof ɗin yara

Assalamu alaikum 'yan gida. Baffa, barka da yamma, ya ƙoƙari, ya su Umma? Na ji muryarka tun azahar, shago ne ya cika, sai yanzu na samu kaina. Ka ce laftof ɗin da ka saya wa yara ta fara nauyi, wani ya ce maka bairos ne, kana tambayar wane antibairos ne ya fi ƙarfi, har ma guda biyu kake so a sa mata ka huta. To Baffa, ni abin da na ji a muryar nan, kana so ne ka san ko abin nan ya lalace kuɗinka sun tafi. Bai lalace ba, in sha Allahu. Kuma kada ka sayi komai tukuna, don Allah kada ka fitar da ko sisi.

Nauyi dai ba shi ne shaidar bairos ba. Kullum sai na faɗa wa mutane wannan a shago. Yawancin laftof ɗin da ake kawo mana na hannu, ram ɗinsu, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi, giga 4 ne kacal, ga ƙura ta toshe fanka, ga manhajoji goma suna tashi tare da ita duk sanda aka kunna. Dole ta yi ja da baya. Mugun bairos na yanzu ma ba ya son ka ji motsinsa, lafewa yake yi yana kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, na imel, na Facebook, kwamfutar kuwa tana gudu lafiya lau.

Maganar guda biyu kuwa, a'a Baffa. Kowanne zai riƙa kallon ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo, su yi ta kokawa kan fayil ɗaya, nauyin da kake kuka da shi ya ninka. In Windows 10 ko 11 ce a kanta, akwai mai gadi a ciki tun daga kamfani, Defender sunansa, na Microsoft ne, kyauta ne, kuma ya ishi kwamfutar gida. Au, bari in gyara, kada Abba ya ce na yi kuskure: Smadav ɗin nan mai koren tambari da ake gani a kowace bizines santa, wanda 'yan Indunisiya suka yi, shi an yi shi ne don ya zauna tare da wani, aikinsa duba filashi. Wannan ba laifi. Amma shi kaɗai ba ya isa, kuma ba shi nake nufi ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kashe Defender ɗin da hannunsu. Baffa ka san ƙanwar mai ɗakina, wadda ta gama digiri. Tana ajin ƙarshe ta kai laftof ɗinta wani shago a sa mata Office, manhajar rubutu ta Microsoft, ba ta faɗa min ba, wai kada ta dame ni. Yaron shagon ya kashe Defender, don in bai kashe ba zai kama abin da zai ɗora. Ya ɗora mata na sata, wanda suke ce wa kirak, ya kuma kashe mata sabuntawar Windows gaba ɗaya, ya ce wai tana shan data. Ta biya shi, har godiya ta yi masa. Bayan kwana biyu ta buɗe furojet ɗinta, babi na ɗaya zuwa na huɗu, ya ƙi buɗuwa. Hotunan bikin yayarta, sun ƙi. Kowane fayil an liƙa masa wasu haruffa a ƙarshen suna, ga wata 'yar takarda a kowace folda da Turanci: a biya dala 980, in an yi magana cikin awa 72 a biya 490. Garkuwa aka yi da fayilolinta, kamar yadda ake yi da mutane. Irin wannan, Djvu ake ce masa, kuma babbar hanyarsa ita ce manhajar sata.

Wallahi kwana uku na yi a kan laftof ɗin nan. Ban iya buɗe ko ɗaya ba. Abin da ya cece ta, babi uku da ta taɓa tura wa malaminta ta imel, sai na huɗun ta sake rubutawa daga takardun hannu, tana yi tana kuka. Hotunan kuwa shi ke nan. Na je shagon da kaina, yaron ya ce min ai shi kullum haka yake yi wa kowa, ba wanda ya taɓa dawowa. To ta yaya za su dawo? Wa ya san daga wajenka ne? Mutum zai ce ƙaddara ce, ya yi fomatin, wato ya goge komai, ya sake kawo maka ka sake ɗora masa irin wancan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ya ce data, data. Datar nawa ce za ta kai babi huɗu?

Sabuntawar nan ita ce toshe ɓarakar da aka gano a katanga. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya shiga ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kuma Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su ɗora ba su ya ci. Shi ya sa in Windows 7 ce a kan ta yara ka faɗa min, don ita an daina yi mata gyara tun Janairun 2020. Ita ma 10 ɗin wa'adinta ya cika a Oktoban 2025, za mu duba ko injin zai ɗauki 11.

Akwai wanda ya taɓa cewa a nan gidan wai na Apple ba sa kamuwa. Suna kamuwa, amma bar wannan, ba ita ce da kai ba.

Sai abin da ka ce, wai ba a cika hawa intanet da ita ba, don haka ba damuwa. Baffa, filashi fa? Yaran nan suna kai filashi a buga musu takarda, suna karɓo finafinai da karatu a wajen masu turawa, su dawo su soka. Shi ne za ka buɗe ka ga duk foldojin sun koma masu 'yar kibiya a gindi. In sun ga haka kada su danna, dannawar ce ke tayar da shi. Kuma kada su yi gaggawar fomatin, don kayan suna nan, ɓoye su aka yi, minti biyar na fito da su. Mutane da yawa da hannunsu suke goge abin da bairos ɗin ma bai goge ba.

Duk abin da ba ka so ka rasa, takardun fili, hotuna, aikin makarantar yara, a ajiye kwafi a wani wuri daban. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, ko wani filashi da ba ya yawo, a kwafa a zare a sa a durowa. A zare fa, don in yana jikinta har shi za a kulle.

Gobe bayan la'asar ka turo Abba da ita, da cajarta, da duk filashin da ke gidan. Ka tambaye shi kuma wa ya sa musu wasan ƙwallon nan da na ga suna bugawa ranar Juma'a, don na san ba saye aka yi ba. A gaida Umma.