Kwamfuta 40 a bashi, ko gyaran rufin aji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da makarantar kuɗi a Tudun Wada, Kaduna, firamare da ƙaramar sakandare, ɗalibai 340. Makarantar da ke bayan layinmu ta kafa allon talla cewa ta buɗe ɗakin kwamfuta, kuma a zangon da ya wuce iyaye biyar sun cire mini yara sun kai can. Wani dillali ya kawo mini tayin kwamfutocin tebur 40 na hannu, in ba da rabin kuɗi, sauran in biya cikin wata shida. Ina da naira miliyan 5 da na tara don gyara rufin azuzuwa biyu kafin damina. In juya kuɗin zuwa kwamfuta? Daga wata Hajiya mai makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa wa makaranta albarka.

Damuwarki tana da tushe. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da masu zana jarrabawa masu zaman kansu. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar da ya shiga zauren jarrabawa an cuce shi, ko da ya haddace littafi. Iyaye sun gane haka, shi ya sa allon maƙwabtanki ya ja hankalinsu. Kwamfuta kam za ki saya. Amma ba 40 ba, ba na tebur ba, kuma ba da kuɗin rufi ba.

Kuɗin rufi ki bar shi a rufi. Daga ƙarshen Afrilu hadari ya fara haɗuwa a Kaduna, kuma uwar da ta ga 'yarta ta dawo gida da jiƙaƙƙen littafi ba za ta tsaya tambayar ko kina da kwamfuta ba.

Yanzu mu zo ga lissafin da dillali bai yi miki ba, wato wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta tana shan wajen wat 150. Guda 40 sun zama kilowat 6. Idan suka yi awa huɗu a kunne, yunit 24 ke nan a rana. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar layin Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit; da wannan farashi kina kashe naira 5,400 kullum, sama da 100,000 a wata, ban da fanka da fitila. Idan kuma layinku ba Band A ba ne, to wutar ba za ta riƙa zuwa daidai lokacin darasi ba, sai janareta, kuma kin fi ni sanin yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Ƙari a kan haka, kwamfutar tebur ba ta da batir. Da an ɗauke wuta ta mutu, aikin yaro ya tafi, in aka yi ta maimaita haka ita ma ta bi shi.

Na taɓa shiga wata makaranta a cikin garin nan, mai ita ya buɗe mini ɗakin kwamfuta da alfahari. Sai da aka nemo makulli a ofishin hedimasta. Kwamfutocin suna jere an lulluɓe su da tsofaffin zannuwan gado, ƙurar hunturu ta yi musu hula, ɓera ya ci wayoyin uku daga ciki. Na tambayi wata yarinya 'yar aji shida yaushe rabon da su shigo, ta ce ranar da iyaye suka zo taro. Har lokacin mutumin bai gama biyan bashinsu ba. Abin ya tsaya mini a rai, don kuɗin da ke ƙarƙashin zannuwan nan gumin iyayen yara ne.

Da ni ne, laftof 15 zan fara da su. Kowace tana shan wajen wat 50, duka ba su kai kilowat ɗaya ba, ƙaramar sola da inbata za su ɗauke su, kuma batirinsu zai riƙe darasi in wuta ta gifta. Kada ki ce 15 sun yi wa 340 kaɗan. 'Yan aji ɗaya zuwa huɗu ba su ne matsalarki ba a yanzu. A ce 'yan aji biyar da shida da na sakandare sun kai 180: yara biyu a kan kowace laftof, rukuni shida na mutum 30, kowane rukuni sau biyu a mako. Darasi 12 ke nan, jadawali zai ɗauka ba tare da an matsa wa lissafi ko Turanci ba.

Kafin ki biya ko sisi, ki san wa zai koyar. Nan ne yawancin masu makaranta suke tuntuɓe. Ɗan bautar ƙasa zai taimaka, haka ɗalibin Kaduna Poly da ya fito neman sanin makamar aiki, amma dukansu baƙi ne, in wa'adi ya cika sai su tafi da abin da suka sani. Ki zaɓi malamai biyu daga cikin waɗanda suka daɗe tare da ke, ki biya a horar da su lokacin hutu, ki ɗan ƙara musu wani abu a albashi. Biyu na ce, don ranar da ɗaya ta tafi haihuwa ko ya samu aikin gwamnati kada ɗakin ya koma hannun makulli.

Intanet kuwa kada ya tsorata ki. Koyon buga rubutu da gwajin tsofaffin tambayoyin jarrabawa ba sa buƙatar data. Akwai manhajar Kolibri, kyauta ce, ana sauke darussa sau ɗaya a yi ta amfani da su ba intanet. Akwai kuma manhajar darussa ta Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ita ma kyauta.

Batun biya cikin wata shida shi ya fi damuna. Kuɗin makaranta ba kamar cinikin shago ba ne da ke shigowa kullum. Sau uku yake zuwa a shekara, Satumba da Janairu da wajen Afrilu, shi ma a ja-ni-in-ja-ka, wasu iyayen sai an hana yaro jarrabawa. Idan wata shidan nan suka ratsa ta dogon hutu, a Agusta za ki tsinci kanki tsakanin dillali da albashin malamai, kuma duk wanda kika zaɓa kin yi asara. Duk bashin da za ki ci, ki sa a rubuta cewa biyansa zango-zango ne, mako uku ko huɗu bayan an koma. Idan kina gudun kuɗin ruwa, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha: su sayi kayan, su sayar miki da ribar da aka yanke tun farko. Ki tambayi jimillar abin da za ki biya, ba na wata-wata kawai ba. Sannan kayan hannu ki ɗauka shekara uku za su yi miki. Ki raba kuɗinsu gida tara, kowane zango ki ware kaso ɗaya a asusu daban, don ranar sauyi kada ta zo miki ba shiri.

Ranar saye ki tafi da mai gyara naki, ba na dillali ba. A kunna kowace ɗaya, a zare caja a ga awa nawa batir zai yi, a danna duk madannai. Su zama samfuri ɗaya, don in wata ta mutu a ciri kayanta a gyara 'yar'uwarta. Garantin baki ba garanti ba ne, a rubuta a takarda. Ki sa kuɗin ƙarfen taga da akwatin ƙarfe mai kwaɗo a lissafi, domin laftof ba ta da wuyar shiga jaka.

Kuɗin kwamfuta a takardar biyan iyaye ki jinkirta shi zango guda. Bari yaro ya koma gida ya ce yau ya rubuta sunansa da kansa, sannan ki kira taron iyaye da malamai ki faɗi abin da za a ƙara. Daga Janairu zuwa lokacin JAMB kuma za ki iya buɗe ɗakin da yamma ga samari da 'yan matan unguwa masu son gwaji, su biya kaɗan, ya rage miki kuɗin malami. Zama cibiyar JAMB dai ki ajiye shi gefe tukuna, wannan maganar kwamfuta 250 ce zuwa sama.

Iyayen nan biyar fa, kin je kin same su? Ki sa mayafi ki taka har gida, ko ki aika malamar da suka saba da ita. Wataƙila kwamfuta ce, wataƙila kuma banɗaki ne, ko malamin da ke yawan fashi, ko ɗigar rufin nan da kike shirin ɗage gyaransa. Dillali kuma ki ce masa ya kawo farashin laftof 15 a rubuce, ki samo na wasu mutum biyu a Kasuwar Sheikh Gumi ko kan titin Ahmadu Bello, da na mai haɗa sola. In kin haɗa su ki turo mini tare da abin da ya shigo miki a zanguna ukun da suka wuce, mu duba wane zango ne zai iya ɗaukar biyan farko.