Ɗana ya ci kofi a golf na faifai, an ce ya karɓi kuɗi ya shiga sahun ƙwararru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a jihar Ohio ta Amurka. Ɗana mai shekara 16 ya kamu da son golf na faifai, wasan da ake jefa faifai cikin kwando, kuma kwanan nan ya zo na ɗaya a wata gasar yini guda da aka yi a garinmu, wadda aka raɗa wa suna gasar zakaru. Makinsa na ƙwarewa a PDGA, hukumar da ke kula da wasan, yana wajen 950. Wani mutum da ke koya musu jifa ya ce yaron ya kai, a gasa ta gaba ya shiga rukunin ƙwararru ya karɓi kuɗi, baɗi kuma a kai shi manyan gasanni ko da zai jingine karatu na shekara guda. Yaron ya kasa barci don ɗoki, ni kuma na kasa don damuwa. Shin kofin nan yana da nauyin da ake faɗa? Kuma waɗanne ne manyan gasannin na gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Malam, kafin komai: kada ya karɓi ko dala ɗaya a rukunin ƙwararru sai kun zauna kun san abin da karɓar take jawowa. Zan zo kan wannan.

Manyan gasannin da PDGA take kira na ƙoli ba su da yawa. Ta farko ita ce gasar duniya, wadda aka fara a Los Angeles a 1982, Harold Duvall ya lashe. A shekarun nan zagaye biyar ake yi, a filaye biyu masu hali daban, galibi ɗaya cikin kurmi ɗaya a sarari, don kada mai ƙarfin dantse kaɗai ko mai iya ratsa bishiyoyi kaɗai ya ci bulus. Wanda ya ci ta, sunan zakaran duniya ya bi shi har kabari. Ken Climo ya ci sau 12, tara daga ciki a jere daga 1990 zuwa 1998. Paul McBeth ya ci sau shida. A 2025 ne aka fara kai ta wajen Amurka ta Arewa, aka yi ta a Finland.

Ta biyu ita ce USDGC, gasar zakarun Amurka, da ake yi tun 1999 a harabar jami'ar Winthrop da ke Rock Hill a jihar Carolina ta Kudu, a watan Oktoba. Darajarta daga abu biyu take. Ba a shigarta da kuɗin rajista kawai, sai mutum ya sami gurbi ta hanyar yin fice a wasu gasannin share fage. Sannan filin cike yake da igiyoyin iyaka, faifai ya ɗan zame ya tsallake igiya an ƙara maka jifa ɗaya na hukunci. Rami na 17, wato kwando na 17 a filin, inda ake jifa zuwa wani ɗan keɓaɓɓen wuri a bakin ruwa, ya sha raba mutane da kofin da suka riga suka fara lissafinsa. A ganina ita ce ke bin gasar duniya a daraja, kuma ba da nisa ba.

Sai European Open da ta yi suna a garin Nokia na Finland, inda 'yan kallo ke cika fili maƙil, da Champions Cup, autarsu, da aka fara a 2022 a Appling ta jihar Jojiya. Mata suna da tasu gasar Amurka, USWDGC. Jerin yakan ɗan sauya: a 2015 guda biyar ne, McBeth ya share su duka, kamar yadda Kristin Tattar 'yar Estoniya ta share huɗun mata a 2023. Ƙarƙashin waɗannan akwai gasannin zagayen DGPT, wato jerin gasannin ƙwararru na shekara-shekara da aka kafa a 2016, inda ƙwararru ke yini suna kwana a hanya daga wannan jiha zuwa waccan. Ƙarƙashinsu kuma matakin A, sai B, sai C.

To, a nan ne nake so ka ba ni aron kunnenka, domin kuskuren da mai koyarwar nan ya yi, kullum sai na ci karo da shi. Mutane sun ɗauka sunan gasa da girman kofi su ne darajarta. Sunan gasa mai shirya ta ne ke raɗawa. Yana iya kiranta gasar zakaru, ko ta jiha, ko ta ƙarni, ya sayo kofi mai tsayin yaro ɗan shekara biyar. Abin da za ka duba shi ne harafin da PDGA ta rubuta a gefen sunan a shafinta, da makin mutanen da suka shiga. Gasar yini guda kusan kullum matakin C ce, wani lokaci B. Zagaye ɗaya ko biyu, a filin da yaron ya san kowace bishiya da kowace kusurwar da iska ke bugowa, tsakanin mutanen da yake wasa da su duk Asabar. Cin ta abin farin ciki ne, a yi masa barka. Amma wanda ya kayar da kowa a kokawar kaka ta ƙauyensu bai ɗauki takobin Nijar ba tukuna.

Mu yi lissafi, tunda ka ba ni makinsa. A filin da ƙwararre mai maki 1000 ke gamawa da jifa kamar 50, kowane jifa ɗaya yana daidai da maki wajen 10. Manyan da ke faɗa a kan kofunan ƙoli makinsu yana kaiwa 1040, wasu ma sun haura. Tsakanin 950 da 1040 akwai maki 90, wato jifa tara a zagaye guda. A dogayen filayen manyan gasanni tazarar ta fi haka, domin a can jifa ɗaya bai kai maki 10 ba. Ka ninka da zagaye huɗu ko biyar. Jifa 40 ko sama da haka ke nan tsakaninsa da na gaba, a wasan da jifa ɗaya ke raba zakara da na biyu. A 2021 a Ogden ta jihar Utah, bayan zagaye biyar cur, sai da James Conrad ya jefa faifai cikin kwando daga nisan ƙafa 247 a ramin ƙarshe kafin ya kamo McBeth, sannan ya doke shi a raba-gardama. A 2022 ma sai da aka je raba-gardama tsakanin McBeth da Aaron Gossage. Dalilin yawaita zagaye ke nan: a zagaye biyu sa'a tana iya ɗaukar mutum, a biyar sai ta gaji ta sauke shi. Ban san yadda mai koyarwa zai kalli waɗannan alƙaluma ya ce yaro ya kai ba, sai dai in bai taɓa kallonsu ba, ko kuma yana son a ce ɗalibinsa ya zama ƙwararre don wasu iyayen su kawo nasu.

Na san sunan da zai kawo maka: Gannon Buhr, wanda ya ci USDGC a 2022 yana ɗan shekara 17. Gaskiya ne. Sai ka tambaye shi makin Buhr a lokacin, da irin mutanen da ya riga ya saba gwabzawa da su a zagayen DGPT kafin ranar. Ana ambaton Buhr ne saboda irinsa ba su da yawa.

Ko da ma kun so zuwa, ƙofar ba a buɗe take ba. Gasar duniya da gayyata ake shiga, kuma rajistarta mataki-mataki ake buɗewa, masu maki mafi yawa su fara. Gasannin DGPT ma haka, masu katin ƙwararru na DGPT da masu babban maki ke cinye gurabe. Duk wanda ya ce maka ya san wani da zai saka sunan ɗanka, ka riƙe aljihunka. Kuma a gasar ƙwararru ba kowa ake biya ba, rabi ne ko ƙasa da haka, sauran su koma gida da kuɗin mai da na masauki a wuyansu. Ana yawan faɗar dala miliyan 10 da kamfanin faifai na Discraft ya ƙulla da McBeth a 2021, a manta cewa na shekara goma ne, kuma a lokacin yana da kofin duniya biyar a hannu.

Yanzu batun kuɗin. A dokar PDGA, ɗan wasan da ke ajin masu sha'awa yana iya shiga rukunin ƙwararru ya gwada ƙarfinsa, ba laifi. Idan ya kai matsayin da ake biya kuma ya karɓi kuɗin, ya zama ƙwararre a rajista. Daga nan rukunin matasa ya rufe masa, gasar duniya ta matasa da ta masu sha'awa ma haka, alhali su ne wuraren da yaro mai shekara 16 zai haɗu da sa'o'insa daga ko'ina, kuma nan ne kamfanonin faifai ke zuba ido. Ana iya neman komawa baya, amma da sharuɗɗa, har da ɗaukar lokaci ba tare da karɓar kuɗi ba. Na ga yaran da suka sayar da wannan damar a kan kuɗin da bai kai na takalmin wasa ba, saboda babu wanda ya gaya musu cewa suna da ikon cewa ba sa so. Suna da shi. Tun kafin a fara wasa ku sanar da mai kula da gasar cewa yaron ba zai karɓi kuɗi ba.

Karatu kuwa kada a taɓa shi. Manyan gasannin matasa lokacin hutun bazara suke faɗowa, na yankinku kuma Asabar da Lahadi. Ku nemi gasanni biyu ko uku na matakin A a bana, masu zagaye uku, a filayen da bai taɓa takawa ba, ya shiga rukunin ƙoli na masu sha'awa, ko na ƙwararru ba tare da karɓar kuɗi ba. Bayan kowace gasa ku buɗe shafin sakamako ku duba makin kowane zagaye, musamman na ranar ƙarshe da gajiya ta kama shi. Idan ya fara jera zagaye masu maki 1000 a baƙon fili, ka sake rubuto mini mu yi maganar share fagen USDGC.