Katin Hoto a Sabar Gida: Amsa Ga Yaron Shagona

Ɗana, saƙonka ya iske ni bayan isha'i. Na ga gara in rubuta maka a tsanake, don in munka haɗu shago gobe, masu kawo gyara ba za su bar mu mu yi magana mai tsawo ba. Ka ce, "Maigida, tsohuwar Dell OptiPlex ɗin da na saya nake son mayarwa sabar gida. Zan sa mata Proxmox, in tada kwamfutocin ciki huɗu, ɗaya Windows, uku Linux. To ai kowace na son allo. Ba sai na sayi katin hoto daban ba? Wani a Kano na da RTX na hannu, ya ce in turo kuɗi."

Kada ka tura ko sisi. Banda cewa cinikin biri a sama ne, aikin da ka lissafa babu inda ya nemi katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da ake gani a allo, balle babba irin RTX.

Inda lissafinka ya karkace shi ne ka ɗauka kwamfutar ciki, wadda kuke ce ma VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin saba (injin da ke yi ma wasu na'urori hidima ta netiwok), irin ta kan tebur ce, mai monita da wayar HDMI. Ba ta da ko ɗaya. Proxmox, tsarin da ke tada kwamfutocin cikin, yana aiki da manhajojin KVM da QEMU, kuma QEMU ne ke ƙera ma kowace kwamfutar ciki katin hoto na kwaikwayo. Windows za ta leƙa ta ga kati, ta yarda, ta zana allonta a kai. Furosesa ce ke yin zanen a ɓoye, sannan a turo maka hoton ta netiwok zuwa burauzar laftof ɗinka. Adireshin sabar za ka rubuta, ka liƙa 8006 a ƙarshe, shi ke nan ka shiga. Huɗu ka tada ko goma, kowace da katinta na kwaikwayo, babu mai jiran wata.

Ukun nan na Linux ma ba su kai nan ba. In don ajiyar fayil ne, ko toshe tallace-tallace, ko koyon aiki, da SSH, hanyar ba da umarni daga nesa, za ka shige su, baƙin allo da rubutu. Mi kati zai zana a nan? Ta Windows kuwa, kunna mata Remote Desktop, mai kawo maka allonta daga nesa. Word, Excel, manhajar lissafin shago, rajistar ɗalibai, duka suna tafiya lafiya lau.

Ka tuna babbar sabar Dell PowerEdge da munka buɗe bara, wadda ka tambaye ni ina katin hotonta? Wani ɗan guntu ne manne a jikin madabod, babban faifan da komi ke jone a kai, zuri'ar Matrox G200, ƙirar da ta fara fitowa tun 1998. Inji mai ɗaukar kwamfutocin ciki masu yawa, amma abin hotonsa bai wuce na nuna BIOS, wato allon saitin inji, da rubutu ba. Waɗanda sunka ƙera ta ba rowa sunka yi ba. Sun san saba ba a zama gabanta ana kallo.

Abin da ya kamata ka duba shi ne furosesar da ke cikin injin. Yawancin Intel Core na ɗauke da sashen hoto a cikinsu. In taka i5-8500 ce, kamar yadda nake gani a irin waɗannan OptiPlex, tana da UHD 630, kuma ya ishe ka girka Proxmox da leƙa BIOS. Amma lura da harafin ƙarshe. Duk Intel mai F a wutsiya, kamar i5-12400F, ba ta da shi. A gidan AMD kuma, yawancin Ryzen na tebur kafin jerin 7000 da ya fito a 2022 ba su da shi, sai masu G irin 5600G. Tsofaffin Xeon E5 ma haka. In ka faɗa ma irin waɗannan, awo, kana buƙatar kati, domin wasu madabod ba su ko tashi in ba su ga abin hoto ba. Amma ƙaramin GT 710 ya biya. Ba RTX ba.

Yanzu zo mu yi lissafin wuta, don nan ne zuciyata take a wagga magana. Mu a Sakkwato muke. Saba injin ne da ba ya barci, kuma da dare batir ne ke riƙe da shi. Ƙaramar OptiPlex in tana zaune ba nauyi, sau da yawa ba ta wuce wat 20 zuwa 25. Ka ɗauka katin da za ka ƙara yana shan wat 15 ko ba ya komi. A awa 24 ya sha wat-awa 360, a wata ya kusa yunit 11, kuma ko hoto ɗaya bai zana maka ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 a takarda wat-awa 2,400 yake ɗauka, amma in irin na ruwa ne kuma kana son ya yi ƙarko, rabi kawai za ka taɓa, wato 1,200. Awa goma na dare, katin ya cinye 150 a ciki. Kashi ɗaya cikin takwas ke nan, wanda da fankar ɗakin Inna ya juya. Wannan yana zaune ne. In ya tashi aiki, RTX 3060 wat 170 yake nema, alhali ramin PCIe da ake soka katin 75 kaɗai yake bayarwa, saura sai ta wata waya daga fawa fak, mai raba wuta a cikin injin. Fawa fak ɗin ƙaramar OptiPlex ba shi da wannan wayar, ba shi da wannan ƙarfin, kuma katin ma ba zai shiga akwatin ba.

Duk wat ɗin da inji ya sha kuma zafi yake komawa. Ka san yadda Afrilu da Mayu suke mana, ma'auni ya haura 40, ɗakin kwano da rana kamar tanderu. In hunturu ya zo kuma ƙura ce. Shekarun baya na haɗa ma wani bawan Allah saba a Arkilla. Ya nace sai an sa babban kati, wai don gaba. Na faɗa masa ra'ayina, ya ce a sa, na sa. Kafin hunturu ya fita ƙura ta daskare a fankokin katin, zafinsa yana bugun hadis (hard disk, ma'ajiyar fayil) ɗin da ke kusa, injin ya riƙa mutuwa da tsakar rana. Da na duba, babu kwamfutar ciki ko ɗaya da ta taɓa amfani da katin tun ranar da anka sa shi. Na zare shi, na hure ƙurar, injin ya dawo hayyacinsa. Har yau abin na yi mini ciwo, domin kuɗin katin nan da sun saya masa batir na biyu.

Ba ina cewa kati ba shi da rana ba. In kana son wasannin bidiyo masu nauyi a cikin Windows ɗin, ko zanen gini mai fuska uku, ko tace bidiyon biki da sauri, ko gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a gida, to nan kati na gaske ake so. A na ƙarshen ma girman ma'ajiyar katin ake kallo, shi ya sa ake son 3060 mai gigabayit 12.

Sai dai ka fahimci yadda ake ba da shi, don nan yara ke shan mamaki. Ba a raba shi kamar tuwo a faranti, kowa ya sa hannu. Miƙa shi ake yi kacokan ga kwamfutar ciki guda ɗaya. Tana riƙe da shi, sauran ukun ba su gani, uwar sabar ma ta sallama shi. Kafin haka sai ka kunna VT-d a BIOS in Intel ce, ko IOMMU in AMD ce, saitin da ke ba da damar miƙa na'ura ga kwamfutar ciki. Wannan daban yake da VT-x, wanda shi ne ke ba ka damar tada kwamfutocin ciki tun farko, kuma mutane na yawan haɗa su. Sannan madabod na jera na'urori rukuni-rukuni. In katin ya faɗa rukuni ɗaya da katin netiwok, tare za su tafi. Kwamfutar da ka ba katin kuma za ta kame dukan ram ɗin da ka rubuta mata tun tashi, ba ta sakin ko kaɗan. A da direban Nvidia ma ƙin aiki yake in ya gane yana cikin VM, ya jefo maka kuskure mai lamba 43, sai a 2021 kamfanin ya buɗe wannan ƙofa ga katunan GeForce. Aiki ne mai daɗin koyo, zan koya maka shi, amma da katin shago, ba da kuɗinka ba.

Na san inda za ka ɓullo: fina-finan gida da manhajar Jellyfin mai rarraba su, kowa ya kalla a wayarsa. Nan ma furosesarka ta riga ta tanada. Intel na da Quick Sync tun 2011, sashe na musamman mai juya bidiyo daga wani tsari zuwa wani ba tare da ya gajiyar da furosesa ba, kuma na cikin i5-8500 yana karanta tsarin bidiyo na HEVC. Sa Jellyfin a kwantenar LXC, wato keɓaɓɓen ɗaki a cikin Linux ɗin uwar sabar, maimakon cikakkiyar kwamfutar ciki, ka buɗe mata /dev/dri, ƙofar shiga sashen hoton. Ta haka kwantena biyu ko uku za su ci moriyar sashen hoton tare, har da ta kyamarorin tsaro, kuma uwar sabar ba ta rasa allonta ba. Wanga na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. In ka miƙa sashen hoton guda ɗaya tilo ga wata VM, ranar da netiwok ya rikice ka jona monita, duhu za ka gani, ka rasa ƙofar shiga gidanka.

Kuɗin da ka tara, ram za ka fara saya. Windows ɗin kaɗai ba ta gigabayit 8, ukun su raba 8, ka bar ma Proxmox nasa, ka ga 16 ta yi kaɗan, nemi 32. Saura ka sa a SSD mai kyau, ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, domin kwamfutoci huɗu a kan hadis mai juyawa guda ɗaya su ne ke kawo nauyin da ake ɗora ma rashin kati. In wani abu ya rage, ƙara a batir.

Gobe in Allah ya kai mu, taho da injin bayan azahar, lokacin da shago ke sarari. Za mu karanta lambar furosesar, mu ƙirga ramukan ram, mu kunna VT-x da VT-d. Zan jona shi a mitar wat ɗin da ke cikin durowa, mu auna shi ba kati, sannan mu sa masa ƙaramin katin shago mu sake aunawa, ka ga lambobin da idonka. Ka zo da filashi mai gigabayit 8, ka kwashe abin da ke ciki tun gida don goge shi za mu yi. Ka gaida mini da Baba.