Yaya za mu kai intanet ƙauyenmu?

Tambaya: Ƙauyenmu na da nisan kilomita 15 daga Jos, sai an hau dutse ake samun sabis. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, ku fara duba ko daga kan dutsen ana hango turken sadarwa a gari. In ana hangowa, na'urorin rediyo biyu masu aika intanet ta iska a kan zangon 5GHz, ɗaya a turken ɗaya a kan dutsen, sun isa su haɗa wuraren biyu, amma bishiya ɗaya a tsakani kan raunana sigina, musamman da damina in ganye ya cika. Kayan da ke cin wat 30 dare da rana suna bukatar faifan sola mai wat 300 da batirin kwana biyu, saboda hadarin Agusta. Kada ku manta da sandar kare tsawa, kan dutse ne fa. Sayar wa jama'a intanet ɗin kuwa sai da lasisin NCC, Hukumar Sadarwa ta Najeriya.