Amsa: Shin girgiza jariri yana da illa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko akwai matsala da mai rainonki ta girgiza jaririnki don ya daina kuka. Akwai, kuma babba ce. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka girgiza mai ƙarfi, ko ta 'yan daƙiƙoƙi ce, tana sa ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai. Jijiyoyin jini su tsinke, jini ya zuba a cikin kai da kuma bayan ido. Wasu yaran sukan makance ko su kamu da farfaɗiya, wasu ma su rasu.

Idan kin ga yana amai, ya ƙi nono, jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta kumbura, ki kai shi asibiti yanzu, ki faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru.

Kukan jarirai yakan tsananta wajen mako 6 zuwa 8, sannan ya ragu bayan wata 3 ko 4. Ki zaunar da mai rainon ki gaya mata: in kukan ya ishe ta, ta kwantar da shi rigingine, ta fita ta kira babba. Goyo da jijjigar rarrashi a hankali ba sa cutarwa. Allah ya raya mana shi.